Wa ke da iko da rufin gidan mutum?

Baban Walida: Jama'a ku raba mu da ƙanina. Na nemi izinin kafa sola a gidana a Houston, jihar Texas ta Amurka, sai ƙungiyar masu gidajen unguwarmu ta aiko da wasiƙa, wai in mai da farantan bayan gida don kada a hango su daga titi. Gaban ne ke kallon kudu, nan rana ke yini. Ƙanina ya ce suna da iko, na ce babu.

Auta: Yaya, ran da ka sayi gidan ka sa hannu a dokokinsu. Launin fentin ƙofa ma su ke faɗa maka, balle rufi.

Maman Sadiƙ: Auta, dokar jiha tana gaba da tasu. Tun 2011 Texas ta hana irin waɗannan ƙungiyoyi haramta sola. Suna iya nuna maka wuri, amma idan wurin da ka zaɓa zai ƙara wutar shekara da fiye da kashi 10 cikin ɗari, naka ake bi. Rufin arewa da na kudu kuwa tazararsu ta kan wuce haka. Mu nan California dokar tun 1978 take, kuma yanzu sharaɗinsu bai isa ya ƙara maka kuɗin aiki fiye da dala 1,000 ba.

Auta: Hajiya, to ba su da ta cewa ke nan?

Maman Sadiƙ: Suna da ita. Sai ka nemi izini tukuna, kada farantan su zarce ƙololuwar rufi, su kwanta daidai da gangararsa.

Kawu: Ku bar ni in tsaya wa Auta a wuri ɗaya. Ni a bene nake, rufi ɗaya ya lulluɓe mu duka. Wani ya huda shi da ƙusa, ruwa ya zubo wa tsohuwar da ke ɗakin sama, wa zai biya? A nan ƙungiya na da gaskiya ta yi taka-tsantsan.

Baban Walida: Na yarda, Kawu, amma rufina ni kaɗai ke ƙarƙashinsa. Sanyin Fabrairun 2021 da barguna muka kwana a falo, yara na kakkarwa, babu wuta. Ba ado nake nema ba.

Kawu: To ka haɗa da batir, ɗana. In wutar gari ta ɗauke, solar da ba batir ita ma tsayawa take yi.

Maman Sadiƙ: Baban Walida, ka sa mai kafawar ya rubuta maka lissafi biyu, na gaba da na baya, ka maƙala a amsar wasiƙar.

Auta: In lissafin ya wuce kashi 10, Yaya, ni zan kai musu da hannuna.