Constellation: gungun taurari, buruji, ko sura?

1/ Jama'a, masu fassara darasin kimiyya sun saba rubuta "gungun taurari" a madadin constellation, wato taurarin da ake haɗawa da ido su ba da wani hoto a sama. Ni dai kalmar ba ta kwanta mini ba.

2/ Gungu abin da ya taru wuri guda ne. Kaza da 'Ya'yanta, wadda Larabawa ke kira Surayya, ita ce gungu na gaske: taurarinta tare suka samu, tare suke tafiya. A constellation kuwa, sai ka ga wani tauraro ya ninka maƙwabcinsa nisa sau goma. Idon ɗan Adam ne kawai ya ja zare ya haɗa su.

3/ Buruji fa? Tana da kyau, amma burujai 12 ne kacal, waɗanda rana ke ratsawa a shekara, alhali masana taurari na duniya sun tsayar da constellation 88 tun 1922. Manzili ma ba za ta yi ba, ta manzilolin wata 28 ce, da malamanmu ke lissafin damina da su.

4/ Mu koma ga na da. A allunan yumɓu na Babila da ake kira MUL.APIN, waɗanda akwai kwafinsu na shekarar 686 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), taurarin da Turawa ke kira Orion sunansu Makiyayin Gaskiya na Anu, abin bautarsu na sama. Girkawa suka duba wuri ɗaya suka ga maharbi. Larabawan jeji suka ce Jauza'u. Sinawa ma ba su bi wannan yanka ba sam, masanin taurarinsu Chen Zhuo ya raba taurari rukuni 283 a ƙarni na 3. Taurarin ba su canza ba, hoton da kowace al'umma ta ɗora musu ne ya bambanta. Kalmarmu ta kamata ta ɗauki wannan ma'ana.

5/ Masanin taurari Batlamus (Ptolemy) ya lissafa constellation guda 48 a Iskandariya wajen shekarar 150. Da Abdurrahman al-Sufi ya sake bitarsu a 964, sai ya sa wa littafinsa Suwar al-Kawakib al-Thabita. Suwar, wato surori. Kowace ya zana ta sau biyu: yadda kake ganinta in ka ɗaga kai, da yadda take a juye a jikin ƙwallon taswirar sama. Ya kuma adana sunayen da makiyayan Larabawa ke kiran taurarin. Wannan aiki yana burge ni matuƙa.

6/ Shawarata ke nan: surar taurari, jam'i surorin taurari. Bahaushe ya riga ya san sura, yana cewa surar mutum, kyan sura.

7/ Na san wani malam zai ce za a rikita ta da surar Alƙur'ani. A Larabci ma harafinsu daban, wannan da sadi, waccan da sinun, kuma "taurari" na biye da ita. In ɗalibi ya karanta "Antares na cikin surar Kunama", ba zai ɗauko Mus'hafi ba. Gungu kuma mu bar wa Kaza da 'Ya'yanta da ire-irenta.