Akanta nake nema, wa ya taɓa ɗauka?

Maman Ilham: Assalamu alaikum. Ina da ɗan kamfanin ɗinki, ma'aikata shida, bara muka yi rajista. Har yanzu a littafi nake rubuta shige da ficen kuɗi, ga lokacin cike takardun haraji ya matso. Akanta na kusa nake so, wanda za mu zauna ido da ido. Mai zuwa duk wata ya fi, ko mai zuwa ƙarshen shekara?

Sadiq: Hajiya ki sauke manhajar lissafin kuɗi ta QuickBooks kawai, ba kya buƙatar kowa.

Maman Ilham: Malam Sadiq, ido da ido fa na ce.

Baban Walid: Ko wanne za ki ɗauka, kada ki ba shi kuɗin haraji a hannu. Nawa mutumin kirki ne a fuska, aboki ne ya haɗa mu. Shi ya buɗe min shafi a intanet ɗin hukumar haraji, da imel ɗinsa, lambar sirri tana wurinsa. Duk sanda na tambaya sai ya ce an gama. Ashe ko takarda ɗaya bai shigar ba. Da wasiƙa ta zo, ga bashin, ga tara, ga kuɗin ruwa a kai. Na je na yi bayani, suka ce sunanka ne a rajista, da kai muke. Shi kuwa waya a kashe. Ko shafin nawa sai da na sha wuya kafin na karɓo.

Zulai: Innalillahi. Ka kai shi ƙara?

Baban Walid: Da wace shaida? Ba mu rubuta komai ba.

Malam Habu: To ai matsalar ke nan. Mai riƙe littafi daban, akanta mai lasisi daban, odita mai binciken lissafi daban. Ki nemi lambarsa ta ƙungiyar ƙwararru ki bincika, domin in ya ci amana akwai inda za a kai shi. A rubuta yarjejeniya: me zai yi, yaushe, nawa. Haraji kuma daga asusun kamfani kai tsaye zuwa hukuma, rasit a hannunki.

Baban Walid: Alhaji ai kai akanta ne, dole ka ce a ɗauki irinku.

Malam Habu: Wanda ya cuce ka ma ba irinmu ba ne.

Zulai: Masu lasisin nan tsada gare su. Abin da wani ya yanka min ya fi harajin kansa.

Sadiq: Nawa kuwa duk wata bai kai rabin albashin yaron shago ba.

Zulai: Au, kana da akanta ashe? Ina QuickBooks ɗin?

Malam Habu: Yawan ciniki da tsaftar lissafi ke yanke farashi. Wanda ya cakuɗa kuɗin gida da na sana'a a asusu ɗaya, ya kawo rasit a leda, dole ya biya aikin tsintar.

Ɗan Baba: Ni uwargida ce oditata. Ba ta da lasisi amma ba a taɓa kuɓuta ba.

Zulai: Maganar rasit, wannan farar takardar ta na'ura fa? Wata kaɗan rubutun ya goge tas, kuma a ce ka ajiye shekara da shekaru.

Sadiq: Ki riƙa ɗaukar hoto nan take.

Baban Walid: Ke da ake ba ki ma. Masu kawo min kaya, in ka ce rasit sai su ɗaure fuska kamar ka zage su.

Maman Ilham: Jama'a, duk wata ko ƙarshen shekara?

Zulai: Wallahi wani cewa ya yi in ina son rasit sai farashi ya ƙaru.