Muhawara: Gwajin fitsari zai iya maye gurbin leƙa mafitsara?

Hajiya, Unguwar Rimi: Assalamu alaikum. Bara aka kankare wa mahaifinmu ƙarin daji a mafitsara, kuma tun daga nan duk wata uku sai an zura masa siririyar na'ura mai kyamara. Daren da za a kai shi ba ya runtsawa, bayan an dawo kuma sai ya kwana biyu yana cije leɓe idan zai kama ruwa. An ce mini akwai gwajin da ke gano dawowar cutar daga ƙwayoyin gado a fitsari, saboda haka leƙen wahalar banza ce. Me kuka gani?

Malam mai ɗakin gwaje-gwaje, Kawo: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ba Baba lafiya. Maganar tana da tushe, domin ƙarin yana zubar da ƙwayoyinsa cikin fitsari. Tun 2001 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da gwajin UroVysion, mai duba kuromosom (wato ƙunshin ƙwayoyin gado) na 3, 7, 17 da wani yanki na 9. Akwai kuma Xpert Bladder Cancer Monitor, wanda ke aiki a na'urar GeneXpert, irin wadda muke gwada tarin fuka da ita. A ganina lokaci ya yi da za a sassauta wa tsofaffi.

Likita, Zariya: Malam, sassautawa daban, dainawa daban. Waɗannan gwaje-gwaje sun fi kama ƙari mai tsanani, ƙarami mai sauƙi kuwa yakan kuɓuce musu, kuma ko sun nuna akwai cuta sai an leƙa kafin a san inda take. Abin da ya fi damuna shi ne, an ƙera su ne bisa nau'in dajin da ya fi yawa a Turai da Amurka, alhali mu nan muna da tsargiya, wadda idan ta daɗe a jiki takan haddasa wani nau'in daban.

Malam mai ɗakin gwaje-gwaje: Na yarda da batun tsargiya, Likita. Amma wanda nasa irin na can ne, kuma ba mai tsanani ba, me zai hana a riƙa yi masa gwajin fitsari a wani zagaye, leƙe a wani?

Likita: Wannan kam abin tattaunawa ne tsakaninsa da likitansa, ba a kan kowa ba. Hajiya, me takardar gwajin tsokar da aka cire ta ce game da nau'in ƙarin da matakinsa?

Hajiya: Tana wurin yayanmu, zan karɓo gobe in Allah ya kai mu. Sai dai Baba ya sha ba mu labarin yadda ya yi fitsarin jini yana yaro, lokacin da suke wanka a Kogin Kaduna.

Likita: To, ki faɗa wa likitansa wannan, kuma kada a tsallake leƙen wannan wata.