Lokacin da aka ce sai da katin allura: kowa ya faɗi abin da idonsa ya gani

Malamar Rigakafi:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina aiki a ƙaramin asibitin unguwa a Kano, ɓangaren allurar yara. Tun da mashaƙo ya tsananta a 2023 nake fama da tambaya ɗaya daga bakin iyaye mata: “Malama, ba dai ta korona ce kuka sauya wa kwalba ba?” Shi ya sa nake so mu tuna lokacin da aka ce sai da katin allurar korona za a shiga ofis, a hau jirgi, a je Makka. Ba labarin WhatsApp nake nema ba. Wanda aka tilasta wa, wanda ya ƙi, wanda ya kwana jinya a asibiti, kowa ya faɗi nasa. Don Allah ban da zagi.

Ɗan Sakatariya:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ni ma'aikacin gwamnatin tarayya ne a Abuja. A watan Oktoban 2021 Boss Mustapha, Sakataren Gwamnatin Tarayya na lokacin, ya sanar cewa daga 1 ga Disamba ba mai shiga ofis sai da shaidar allura, ko takardar gwajin da bai wuce awa 72 ba. Zaɓi na biyun ba na ƙaramin ma'aikaci ba ne, domin kuɗin gwaji ɗaya a wurin 'yan kasuwa ya zarce mafi ƙarancin albashi na lokacin, naira 30,000. Ranar da dokar ta fara aiki na tarar da cincirindo a bakin get, masu gadi sun tsare hanya, an kafa tebur a gefe ana yin allurar nan take. Ni tuni na yi tawa saboda ina da ciwon sukari. Amma akwai wani masinjanmu dattijo da ya miƙa dantse jikinsa na ɓari, yana cewa in wani abu ya same shi mu kula masa da yara. Ba wanda ya tsaya ya yi masa bayani. Har yau abin na damuna. Mutumin nan bai yarda ba, abincin 'ya'yansa kawai ya kare.

Likitan Dare:
Yaya Ɗan Sakatariya, na ji zafin dattijon nan. Amma bari in faɗi abin da ke bayan ƙofar da jama'a ba sa gani. A watan Afrilun 2020 ina ɗakin agajin gaggawa a wani babban asibiti a Kano. Azumi ya kama, ana cikin kulle, ƙananan asibitocin kuɗi da yawa sun rufe saboda tsoro, kowa ya dawo kanmu. Dattawa ake kawowa suna haki, yawancinsu masu hawan jini da sukari, wasu kafin a sauko da su daga a-daidaita-sahu rai ya yi halinsa. Daga baya Ministan Lafiya Osagie Ehanire ya ce cikin mace-mace 979 da aka bincika a Kano, kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na iya zama da nasaba da korona. Mu da muke wurin ba mu yi mamaki ba.

Abin da ya fi ci mana rai iskar oksijin ce. Tukunya ɗaya, majinyata biyu ko uku, kai ne za ka zaɓi wanda za a sa wa. Ka zaɓa, ka fito, ɗan wanda ba ka zaɓa ba yana tsaye a baranda yana kallonka. Takunkumin fuska ɗaya muke maimaitawa har ya yi laushi. Kuɗin alawus na hatsarin aiki kuwa naira 5,000 ne a wata kafin annobar. Da likitoci masu neman ƙwarewa suka shiga yajin aiki ranar 2 ga Agustan 2021, ga korona zagaye na uku, ga kwalara tana cin mutane a Arewa, an zage mu sosai, kuma na fahimci dalili. Wata biyu aka yi ana wannan hali. Saboda haka da allura ta iso ban jira an ce dole ba, na kai mahaifiyata da kaina. In ka taɓa riƙe hannun mutum yana neman numfashi bai samu ba, gardamar allura takan yi maka nauyi a kunne.

Bakatsine:
Likita, Allah Ya saka da alheri, ban musa abin da ka gani ba. Ni dai ban yi ba, kuma ba jahilci ne ya hana ni ba. Direba ne ni, in ban fita ba ba a ɗora tukunya a gidana. Aka kulle mu, aka ce za a kawo tallafi, ba mu ga ko ƙwayar shinkafa ba. Sai a watan Oktoban 2020 da jama'a suka fasa rumbunan ajiya a Jos da Kaduna aka ga buhuna jibge. A jiharmu, a Kusada, har ofishin 'yan sanda aka ƙona a watan Maris na 2020 kan hana sallar Juma'a. Ban goyi bayan ƙone-ƙone ba, amma haka zukata suke a lokacin. To wanda ya ɓoye maka abinci kana jin yunwa, shi ne zai biyo ka da allura kyauta ya ce yana son lafiyarka? Matata ta yi naƙuda, sai da na sayi safar hannu da auduga da kuɗina. Zazzaɓin cizon sauro na kashe mana yara kowace damina, maganinsa sai ka biya. Kuma ba mu manta gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara 200 a Kano a 1996 lokacin sanƙarau ba, 11 suka rasu. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake.

Likitan Dare:
Malam Bakatsine, maganar Trovan gaskiya ce, har sulhun dala miliyan 75 aka yi da gwamnatin Kano a 2009. Bambancin shi ne wancan gwaji ne aka yi a kan yaranmu, allurar korona kuwa sai da aka yi wa miliyoyin mutane a Turai da Amurka kafin ta zo mana a watan Maris na 2021. Amma wannan bayanin a bakin wanda ka sani ya kamata ka ji shi, ba a bakin mai gadin get ba.

Baba Maniyyaci:
'Ya'yana, ni na yi, kuma saboda Makka na yi. Ban ga abin faɗa ba, tunda shekara da shekaru alhazai na karɓar allurar sanƙarau da ta shawara kafin su hau jirgi, ba wanda ya ce haram ne. Na zuba kuɗin kujera, 2020 aka ce ba baƙi daga waje, 2021 ma mutum 60,000 na cikin Saudiyya kawai aka bari. Da aka buɗe a 2022 na cika allurata, katina na hannu, sai aka ce wanda ya haura shekara 65 ba zai je ba, kujerun Najeriya ma an rage su daga 95,000 zuwa 43,008. Na yi kuka ranar nan. Allah Ya nufa na sauke farali a 2023. A garinmu na ga mutanen da suka rantse ba za su yi ba, da maganar Umra ta taso da ƙafarsu suka je layi. Jikina ya yi zafi kwana ɗaya, dantsen ya yi tsami, shi ke nan.

Nas a Ingila:
Sannu Baba, Allah Ya karɓa. Kada a ɗauka mu kaɗai ke gardama. A nan Ingila an wajabta wa ma'aikatan gidajen kula da tsofaffi allura daga 11 ga Nuwamban 2021, wasu suka bar aikin. Aka ce mu na asibiti wa'adinmu 1 ga Afrilun 2022. Ma'aikata suka fito zanga-zanga a Landan, kuma a ƙarshen Janairu Ministan Lafiya Sajid Javid ya sanar za a janye dokar. A ɗakin da nake aiki dama hannu bai ishe mu ba, motocin ɗaukar marasa lafiya na jere a waje suna jiran gado. Abokiyar aikina da ta ƙi allurar, da ita muka yi ta juya majinyata rub-da-ciki a lokacin da ake mutuwa sosai. Ina ganin ta yi kuskure, na faɗa mata. Amma da an kore ta, ni zan ɗauki majinyatanta a kan nawa.

Ɗan Yamai:
Nan Nijar rikicinmu tun kafin allura ne. A watan Afrilun 2020 samari sun ƙone tayoyi a unguwannin Yamai kan dokar hana fitar dare da rufe masallatai, jami'an tsaro na harba barkonon tsohuwa. Da allurar Sinopharm ta zo daga Sin a 2021, na raka kakata likita, layin ba kowa. Lokotoron ya zauna ya yi mata bayani da Zabarmanci har ta gamsu.

Mai Shagon Kwamfuta:
Ni ta wani gefen na ga abin. Ina da shagon buga takardu kusa da wata babbar makaranta. Daga lokacin da aka fara maganar dole, kusan kullum sai wani ya shigo da katin abokinsa ya ce in cire suna in sa nasa. Ba 'yan iska ba, magidanta ne da matan aure, wasu da hawaye. Na ƙi, na rasa kwastomomi. Wani ya dawo ya nuna mini kati na gaske mai hatimi, ya ce saya ya yi, allura ba ta taɓa jikinsa ba. Likita, irin waɗannan fa suna cikin lissafin waɗanda aka ce an yi wa.

Ɗan Sakatariya:
Haka ne ɗan'uwa. Ga kuma abin da ya ƙara dagula mana lissafi: a cikin watan Disamban da ake tare mu a get, aka nuna a talabijin ana lalata allurar AstraZeneca sama da miliyan ɗaya a Abuja saboda wa'adinta ya ƙare, tunda ƙasashen da suka ba mu sun kawo ta ne saura kaɗan ta lalace. Washegari a ofis kowa tambayarsa ɗaya, wace iri aka yi masa, yaushe tata za ta ƙare. Na ce musu ai lalatawar ma shaida ce cewa ba a yi wa mutane wadda ta lalace ba, amma ba su saurare ni ba. A ma'aikatarmu, bayan 'yan makonni masu gadi suka daina tambayar kati, kuma da yawa cikin waɗanda aka yi wa ta farko a bakin get ba su koma sun karɓi ta biyu ba.