Dutse daga bene: gudunsa 10 ne ko 5?

Salamu alaikum malaman fiziks. Ƙanwata na shirin jarrabawar kammala sakandare ta WASSCE a nan Aboabo, Kumasi, wani lissafi ya ɗaure mana kai tun jiya.

Dutse mai kilo 2 ya faɗo daga tsayin mita 5. Da g (ƙarfin jan ƙasa) 10, makamashin da ke ajiye a sama, mgh (wato nauyi sau g sau tsayi), jul 100 ne. Muka daidaita shi da makamashin motsi, ½mv² (m nauyi, v gudu), gudu ya fito mita 10 a sakan.

Sai muka gwada daga benen maƙwabci. Agogon waya ya nuna kusan sakan 1, har sau huɗu. Mita 5 cikin sakan 1, ai 5 ke nan! Muka sauya ƙaramin dutse, duk ɗaya.

Don Allah, me ya sa gwajin ke ba mu rabin amsar lissafin?