Neman kalmar Hausa: me za mu kira aisotop?

Daga Nima, Accra: Salamu alaikum 'yan'uwa. Ina shirya wa ɗaliban sakandare na unguwarmu bayani kan yadda ake raba aisotop da hasken leza a cikin iskar gas, kuma ba na son in bar kalmar a bakin Turawa. Ga abin da take nufi. Cibiyar ƙwayar zarra tana ɗauke da ƙananan ƙwayoyi iri biyu, furoton da niyuturon, kuma kowace ƙwayar zarra ta yuraniyom tana da furoton 92 a cibiyarta, shi ya sa ake kiranta yuraniyom. Amma wata tana da niyuturon 143, ita ce yuraniyom 235, wata 146, ita ce 238. Sunansu ɗaya, halinsu ɗaya wajen haɗuwa da sauran sinadarai, nauyi kawai ya bambanta. A wanda ake haƙowa, kamar na Arlit a Nijar, 235 bai wuce kashi 0.7 cikin 100 ba, alhali yawancin tashoshin lantarki na nukiliya suna son kashi 3 zuwa 5, shi ya sa ake raba su don a ƙara yawan 235. Ni dai na fara tunanin "tagwayen zarra". Me kuka gani?

Daga Kumasi: Wa alaikumus salam, Malam. Tagwaye tana da daɗi a kunne, amma za ta sa yaro ya ɗauka biyu ne kullum. Yuraniyom ɗin ma da ake haƙowa akwai ɗan 234 a cikinsa, ka ga sun zama uku. Haidurojin ma uku gare shi.

Daga Sabon Zango: 'Ya'yana, me zai hana ku ce takwara? Takwaranka shi ne mai sunanka, kuma ba a ƙayyade masa adadi ba. Sannan a labarai muna jin "shugaban Ghana da takwaransa na Najeriya", wato masu matsayi ɗaya.

Daga Nima: Baba, Allah ya ƙara girma, wannan ta shige ni ƙwarai. Kalmar aisotop ɗin kanta daga Girkanci take, ma'anarta "wuri ɗaya", saboda duk suna zaune a gurbi guda cikin jadawalin sinadarai. Frederick Soddy ne ya shigo da ita a 1913. To takwara ta ɗauko suna ɗaya, ta ɗauko matsayi ɗaya, ta kuma bar kowa da jikinsa. Na karɓa: takwarar zarra, jam'i takwarorin zarra.

Saura aikin da lezar take yi, kuma a nan ne ba na yarda da "tacewa" da muka saba ji a rediyo. Injin da aka fi amfani da shi yau juya gas ɗin yuraniyom yake da tsananin gudu, mai nauyi ya koma gefe, a maimaita a jerin injuna masu yawa. Leza ba ruwanta da wannan. Don samun gas ɗin, ana haɗa zarrar yuraniyom ɗaya da ta sinadarin fulorin shida, abin ya zama gas idan zafi ya kai wajen digiri 56 a ma'aunin Celsius. Ƙwayar da ke ɗauke da 235 ta ɗan fi sauƙi, don haka karkarwarta ta ɗan sha bamban, hasken da take sha ma ba daidai yake da na 238 ba. Ita kuwa leza haske ne mai launi guda tak, wanda ake iya saita shi daidai wa daida. A wata hanyar da aka gwada, sai a sanyaya gas ɗin, a haska masa leza mai tsawon zango kusan maikuromita 16 (ma'aunin da ke nuna launin hasken ke nan), mai 235 ta sha, mai 238 ta wuce abinta. Leza ta biyu sai ta ɓalle wa wadda ta sha hasken fulorin guda, ta zama gari ta faɗo. Wannan zaɓe ne, kamar mace ta baza shinkafa a faifai tana bin tsakuwa ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Shi ya sa nake son "tsincewa".

Daga Kumasi: Malam, tsincewa ta zauna. Amma ka gaya wa yaran nan gaskiya, hanyar ba ta da sauƙi. Amurka ta daɗe tana gwada wata irinta da tururin ƙarfen yuraniyom, ta ajiye a 1999. Ta Ostareliya mai suna SILEX kuwa an ba ta lasisi a Amurka a 2012, kuma yadda take aiki sirri ne, don abin da ke tsince makamashin lantarki zai iya tsince na bam. Ka kuma kawo musu misalin gida. Ƙaramin injin binciken nukiliya na Kwabenya da ke Accra, wanda aka kawo daga Sin, a da yana aiki da yuraniyom mai kusan kashi 90 na 235, a 2017 aka mayar da shi mai kashi 13.

Daga Nima: Na gode, Yaya, zan sa. Ga jimlar da zan rubuta a allo: "Ana tsince takwarar zarra ta 235 daga cikin iskar gas da hasken leza." Leza na bar ta yadda take tukuna, ko da yake ina tsoron kada wani ya ji reza. Mai kalmar da ta fi, bismillah.