Ƙura tana ɓata mini fim ɗin babbar kyamara

Assalamu alaikum, masana harkar hoto. Bayan shekaru ina aiki da fim na milimita 35, bana na koma babbar kyamara mai ɗaukar fim mai girman inci 4 da 5, wadda ake loda mata fim falle-falle cikin duhu. Tun shigowar hunturu, duk fallen Ilford HP5 da na wanke sai na tarar da ƙananan ɗigo-ɗigo a kansa, waɗanda ke fitowa baƙaƙe a takarda, musamman wajen sararin sama. Ina share mariƙin fim da burushi mai laushi kafin lodi, amma abin bai ragu ba. Shin jakar da nake lodi a cikinta ce ke tara ƙurar, ko kuwa zugazugin kyamarar, wato sashen nan mai naɗewa da ke tsakanin gilashin gaba da fim? Fallen yana da tsada, don Allah ku taimaka mini da shawara.